Amsar Goggo kan gaggawar zaunar da yaro

'Yata, saƙonki ya iso. Na yi dariya, daga baya kuma hankalina ya ɗan tashi. Wai uwar mijinki ta hana ki saka yaron a keken koyon tafiya, ta ce jijiyarsa ba ta nuna ba, ke kuma kina tambaya ko camfi ne. Ɗan wata biyar! Ina za shi da kike masa wannan saurin?

A gidan da na tashi, matan Baffa biyu sun taɓa haihuwa a wata ɗaya, duka maza. Kin san halin kishi. Amaryar ta ƙudurta sai nata ya riga zama. Wata rana da hantsi ta ɗauko daro, ta cusa tsummokara a ciki, ta dasa yaron a tsakar gida, ta kira mu mu zo kallo. Kansa sai rangaji yake, can ya langaɓe gefe guda, miyau na zuba a kafaɗarsa. Kakarmu, Allah Ya jiƙanta, tana kaɗi a bakin ƙofa. Ta ajiye mazari, ta taso ba ta ce uffan ba, ta kwantar da shi rigingine a tabarma, ta kama hannuwansa biyu ta jawo shi a hankali. Jiki ya taso, kai ya rage a baya. Sai ta dubi amarya ta ce, "Wuya bai riƙe kai ba, kina so baya ya riƙe jiki? Da rarrafe yaro kan tashi." Ta wurga mata majanyi ta koma kaɗinta. Uwargida tana daka, tana dariya ƙasa-ƙasa, amarya kuwa ranar ko tuwo ba ta fito ɗauka ba.

Da na fara koyar da ɗaliban unguwarzoma, wannan gwajin na tarar a littattafanmu, jan hannu a duba kai.

Jijiya tana nuna kuwa. Akwai wani rufi mai maiƙo da ake kira mayelin, wanda wasu ƙwayoyin halitta na ƙwaƙwalwa da laka ke naɗa wa zaren jijiya, zagaye bisa zagaye kamar naɗin rawani. Zaren da ya samu naɗin, saƙo kan iya gudun mita 100 a daƙiƙa a cikinsa, wanda bai samu ba da ƙyar ya kai mita 2. Jariri kan zo duniya aikin bai yi nisa ba, shi ya sa ƙarfin ke saukowa daki-daki: wuya, baya, sannan ƙafa.

Tunda kin yi karatun kimiyya, bari in ƙara miki. A 1964 wani masani mai suna Sidman da abokan aikinsa a Amurka sun ba da labarin wasu ɓeraye da ke fara karkarwa bayan kwana 10 zuwa 12 da haihuwa, saboda mayelin ɗinsu ya yi ƙaranci. Sai a 1996 aka gano inda matsalar take a ƙwayar gado, wurin da ke samar da wani furotin mai suna QKI. Shi aikinsa kama RNA, wato saƙon da ke ɗauko umarnin ƙera furotin daga ƙwayar gado. Ba kowanne yake kamawa ba, yana laluben wanda ke ɗauke da jerin haruffa ACUAA da U ko C a bayansu, galibi da guntun irinsa a kusa. Cikin waɗanda yake kamawa har da RNA na furotin MBP, mai manne zagayen naɗin. In QKI ya riƙe wannan RNA ɗin, saƙon ba ya lalacewa, yana fita daga cibiyar ƙwayar, wani furotin mai suna hnRNP A2 ya taimaka a kai shi can bakin reshen ƙwayar, a ƙera MBP ɗin a daidai inda ake naɗi. To ki faɗa min, wane keke ne zai shiga nan ya ce a yi sauri?

Ban ce keken na ɓata jijiya ba. Ba ya dai ƙara mata komai, kuma Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004 saboda yara na gangarawa da shi daga matakala. Mu nan ga murhu, ga tukunyar ruwan zafi a ƙasa.

Ku 'ya'yan yanzu sai ku ga ɗan ƙawa a Facebook yana tatata, ku tayar da hankalinku. Goyon ma kun rage shi, kun ce bayanku na ciwo. Kakarmu kan ce sauri ya haifi nawa, kuma ba ta taɓa ƙirga wa yaro wata ba, yaron take dubawa.

Abin da ya fi damuna ma ke ce. A hoton da kika turo na ga kin rame. Mafi yawan mayelin maiƙo ne, kuma ƙera shi na bukatar sinadarin ƙarfe da bitamin B12. Lokacin jegonmu hanta da nama da nono ake tura mana har mu ce mun gaji. Kina cin ƙwai kuwa? Ki shimfiɗa wa yaron tabarma, ki riƙa kifa shi yana farke kina zaune kusa, ya yi ta ɗaga kai. In kun zo da Sallah zan ja hannunsa in gani da kaina. Ki gaishe min da uwar mijin naki, ki ce ina tambayar ƙafarta.