Gwaggo, Ina Son Kama Ɗakin Kaina Amma Kuɗi Ba Sa Zama a Hannuna

Assalamu alaikum Gwaggo, da fatan kina lafiya, ya aiki ya iyali.

Ni saurayi ne ɗan shekara 26, ina zaune a gidanmu a cikin birnin Katsina, wajen Ƙofar Marusa. Na gama difloma, aiki bai samu ba, sai na buɗe rumfar POS da cajin waya. Alhamdulillahi, idan wata ya yi kyau nakan tashi da ribar naira dubu 90 zuwa 100 bayan na cire kuɗin fetur da na rumfa.

Damuwata wurin kwana. Mu huɗu ne a shagon ƙofar gida: ni, ƙannena biyu, da ɗan gwaggonmu da ya zo karatu. Takalmina, turarena, cajata, duk na kowa ne. Ga yarinyar da nake nema, iyayenta sun fara tambayar inda zan ajiye ta. Dillali ya nuna mini ciki da falo a Sabuwar Unguwa, dubu 250 a shekara. Tun bara nake cewa zan tara, amma yau Umma ta ce gas ya ƙare, gobe ƙanwata ta zo da maganar kuɗin makaranta, jibi an fitar da ankon aboki. Na shiga adashe, na kwasa da wuri, biki ya cinye. Yanzu wani abokina ya matsa mini in zuba kuɗi a wata manhaja, wai tana ninka su cikin wata ɗaya. Kuma har yau ban faɗa wa Baba niyyata ba, ina tsoron ya ce na raina gidansa. Don Allah ki ba ni shawara.

Ɗanki daga Ƙofar Marusa

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi wa nema albarka.

Maganar da ka ajiye a ƙarshe ita ce ta farko a wurina. Kana shirin barin gida a ɓoye, shi ya sa kuɗinka ba su da mai tsaronsu. Duk wanda ya gan ka zaune a rumfa kana ƙirga 'yan dubu-dubu, bai san jarin POS ba ne, bai kuma san kana da wani buri ba, to me zai hana ya miƙo hannu? Umma ba ta yi laifi ba. Ba ta sani ba ne.

Ka samu Baba, amma kada ka je masa da "zan tashi". Ka san garin nan: saurayi marar aure ya kwashe kaya ya koma haya, kafin la'asar unguwa ta yanke masa hukunci, kuma masu gida da yawa ba sa son ba tuzuru ɗaki. Ka je masa da maganar aure, ka ce kana son shekara guda ka shirya muhalli, kana neman albarkarsa. In bakinka zai yi nauyi, ka sa baffanka ya share maka hanya. Ba abin mamaki ba ne ya ce akwai wani lungu a gidan da za a yanka maka, a fitar da ƙofa ta waje. In haka ta samu, kuɗin hayar shekara ɗaya ya koma bulo da kwano, abin da zai zauna.

Sai lissafi. Dubu 250 ɗin nan kuɗin shiga ne kawai. Dillali yana jiran la'adarsa. Akwai fenti, katifa, labule, kwan fitila, takardar kuɗin wuta ta KEDCO duk wata, da 'yan ga-ruwa in famfo ya yi shiru. Akwai kuma abin da samari ba sa sawa a lissafi ko kaɗan: tuwon Umma. Yau kana dawowa ka tarar da kwanonka a rufe, ba ka san nawa kwanon masara yake ba. Ranar da ka tashi za ka sani. Sannan daga watan da ka karɓi makulli, kana buƙatar ware kusan dubu 21 duk wata don hayar baɗi, in ba haka ba mai gida zai yi sallama kana zare ido. Abu ɗaya da zan sauƙaƙa maka: kada ka sayi kujeru da gado. A al'adarmu amarya ke zuwa da kayan ɗakinta. Naka sadaki ne da lefe da muhalli, su ma sun ishe ka.

Hidimar gida ba za ka yanke ta ba, kuma kada ka soma. Iyaka za ka yi mata. Ka zauna da Umma ku zaɓi abu ɗaya ko biyu da zai zama naka, misali gas da sabulu, ko wani adadi tsayayye a farkon wata, ka biya ba tare da an tambaye ka ba. Wanda ya san nauyin da ke wuyansa kuma yake saukewa a kan kari, idan ya ce "wannan karon babu", ana yi masa uzuri. Wanda yake ba da dubu biyu yau, dubu biyar gobe, ya fi kashewa, kuma ba wanda zai tuna ya bayar.

Sana'arka ma tana da nata tarkon. Jari, riba da kuɗin aljihu duk suna cikin jaka ɗaya da waya ɗaya, kamar gero da dawa a buhu guda, in ka ɗiba ba ka san wanne ka ɗiba ba. Ka buɗe wani asusu dabam, kada ka karɓi kati, kada ka sa manhajarsa a wayarka. Duk dare kafin ka rufe rumfa ka tura naira dubu ɗaya, kafin shayin majalisa, ba bayansa ba. A wata dubu 30 ke nan, a shekara ka wuce dubu 360. In kuɗin ruwa kake gudu, akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo a 2019. Kuma tun 2024 hukumar NDIC, mai biyan masu ajiya in banki ya rushe, ta ɗaga inshorar ajiya a manyan bankuna zuwa naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya, ajiyarka tana ciki.

Na san za ka ce naira tana zagwanyewa. Gaskiyarka. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 komai ya tashi, a 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari. Don haka abin da ka tabbata za ka buƙata, irin katifa da atamfofin lefe, ka riƙa saya ɗaya-ɗaya kana ba Umma ajiya a ɗakinta. Wasu za su ce ka je Mai'adua ko Charanchi ka sayo ɗan rago ka turke zuwa layya. Yana yi wa wanda ya iya, amma rago yana cin dusa da harawa kullum, yana kuma ciwo. Ɓoye hatsi ma ba tabbas, farashi ya faɗo a 2025, masu jiran tsada da yawa sun yi asara. Kuɗin haya dai ka bar shi kuɗi.

Adashe ba shi ya cuce ka ba, kwasar farko ce. Wanda ya kwasa da wuri bashi ya ci. In za ka sake shiga, ka nemi uwar adashe da aka sani da amana, ka roƙi a sa ka a ƙarshe, daidai lokacin biyan haya.

Manhajar abokinka kuwa, a'a. Irinta ce MMM da ta rufe da kuɗin mutane a Disambar 2016, CBEX ta yi haka a Afrilun 2025, kuma dukansu da "ni an biya ni" aka jawo mutane. Tambaye shi me suke sayarwa da har yake ninka kuɗi a kwana 30, ka ji amsar da zai ba ka.

Iyayen yarinyar, manyanka za su je su faɗa musu lokaci, ba kai za ka yi ta alkawari a zaure ba. Anko kuma ka ba shi hutun shekara guda. Ka kai tsohuwar shaddarka wajen mai wanki da guga, ka je ɗaurin aure, ka yi wa ango Allah sanya alheri, ka ba shi abin da ya sawwaƙa.

Gwaggo