Amsa ga ƙanwarmu mai tambaya kan ƙarin lokacin karatu

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Ga yadda na fahimci tambayarki: kina shekarar ƙarshe ta masta a fannin kwamfuta nan Yamai, kina haɗa manhajar rajistar marasa lafiya don wani gidan likita na unguwa, jinyar mahaifiya ta riƙe ki a Tawa watanni, wanda kuka fara aikin tare ya samu wani aiki ya tafi, yanzu malaminki ya ce zai haɗa ki da ƴan lisans biyu don ki gama kan lokaci. Ki karɓe su ne, ko ki nemi ƙarin lokaci?

Ki nemi ƙarin lokacin, kuma ki nema yanzu, a rubuce. Na jima ina wannan sana'a, ɗalibai da yawa sun bi ta hannuna wajen koyon aiki, ban taɓa ganin wanda kunya ta amfana a irin wannan hali ba.

Maganar ƴan lisans ɗin nan, malam da kyakkyawar niyya ya yi ta. Amma "hannu da yawa maganin ƙazamar miya" ba ya aiki a rubutun manhaja. Fred Brooks, wanda ya jagoranci aikin OS/360, babbar manhajar sarrafa kwamfutocin kamfanin IBM, tun 1975 ya faɗa cewa aikin manhaja in ya riga ya makara, ƙara masa mutane ƙara masa makara yake yi. Ki lissafa da kanki. Mutum biyu, hanyar magana ɗaya ce tsakaninsu. Uku, hanya uku. Da malam kun zama huɗu, hanya shida. Yaran nan ba su san dalilin da ya sa kuka tsara rumbun bayananku haka ba, ke za ki zauna ki koya musu, ke za ki duba abin da suka rubuta, ke za ki gyara abin da suka ɓata. In dole sai an ba ki su, ki sa su gwaji da rubuta takardar yadda ake amfani da manhajar. Kada su taɓa gindin aikin.

Wanda ya tafi ɗin ma, abin da ya tafi da shi a kansa ya fi wanda ya bari a kwamfuta. Ki kira shi, ki saya masa shayi, ku zauna yini guda yana bayani kina rubutawa. Daga nan komai ya hau GitHub, shafin intanet da ake ajiye rubutun manhaja, kada aikin shekara biyu ya zauna a kwamfuta ɗaya. Mu da muka ga 2023, lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta a watan Agusta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, har aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, mun san yadda na'ura ke mutuwa da aikin mutum a ciki.

Abin da na fi so ki yi da ƙarin lokacin shi ne ki koma gidan likitan ki zauna kusa da mai rajista safiya guda, baki rufe. Na taɓa ganin wata manhaja mai kyau, komai nata daidai, amma ma'aikaciyar jinya ta ture wayar gefe ta jawo babban littafinta da biro. Dalili? Manhajar ba ta wucewa gaba sai an sa rana da wata da shekarar haihuwa. Tsohuwa ce a gabanta, ta ce an haife ta shekarar da aka yi yunwa, layi kuma har bakin ƙofa, jariri na tsala kuka. Waɗanda suka gaji sai suka riƙa buga 1 ga Janairu ga kowa. Shi mai manhajar ya san sarai cewa takardun iyayenmu da yawa shekara kawai aka ƙiyasta aka rubuta, amma yana zaune gaban kwamfuta abin bai faɗo masa ba. Haka rubutu ƙanana da ba a gani a cikin rana, haka manhajar da ke tsayawa cak in intanet ya ɗauke. Irin wannan shi ne naman bincikenki, kuma malamai masu sauraronki ranar kare binciken za su fi jin daɗinsa a kan shafi goma na hotunan allo.

Takardar neman kuwa, wadda muke cewa derogasiyon, ki yi ta gajera. Tsarin LMD, wato lisans, masta da dokta, shekara 2 ya ba masta, 3 ga dokta, don haka abin da ya wuce nan alfarma ce ake nema da hujja. Ki fara da malaminki, domin sa hannunsa ake dubawa kafin naki. Ki haɗa takardar asibitin Hajiya, ki rubuta daga wane wata zuwa wane wata aikin ya tsaya, abin da kika gama, abin da ya rage, da jadawalin wata-wata. Ki faɗi ɓangaren da za ki yanke. A ganina, rajista da neman fayil ɗin mara lafiya sun isa, lissafin magani ya jira wani. Ki ajiye kwafi mai hatimin karɓa. Sannan ki tambayi ofishin rajistar sashenku ranar rufe sabunta rajista, kuma in kina da buris, wato tallafin kuɗin karatu, ki bi maganarsa daban, don ƙarin lokacin makaranta ba shi ke nufin ƙarin kuɗi ba.

Wajen kiyasin lokacin, abin da ranki ya ce wata uku ne, ki nemi shida. Mai jinya ba ta da tabbacin darenta, kuma kan da bai yi barci ba kuskure yake rubutawa, washegari a ɓata yini ana nemansa. Ki turo mini jadawalin ta akwatin saƙo in duba miki kafin ki kai wa malam.