Yau da gobe: na allura ko na boka?

Assalamu alaikum jama'a. Tambayoyin wannan makon duk kan rubutu suka faɗa, wato yadda mutum zai riƙe alƙalami ya ɗore ba ya fara yau ya watsar jibi ba, to bari mu ɗauke su yadda suka iso.

Ta farko daga wani ɗan'uwa ne mai sayar da tumatir da tattasai a kasuwar Mil 12 ta Legas. Ya ce: "Allah gafarta Malam, ina son rubuta abubuwan da nake gani a kasuwa da zaman Legas, sai in fara in bari. Wani ya ce min yau da gobe ke sa allura ginin rijiya, wani kuma ya ce yau da gobe ƙaryar boka ce. Wanne zan kama?"

Ɗan'uwa duka biyun maganar Hausa ce tsantsa kuma babu wadda ta ƙaryata 'yar'uwarta. A ta farkon, yau da gobe na nufin maimaici, an taɓa aikin yau, an sake taɓawa gobe, allura dai ba ta ɗebo ƙasar kirki a tono ɗaya amma ramin na ƙaruwa. A ta biyun kuwa ɗage alkawari ake nufi, boka ba shi da maganin sai ya ce maka dawo gobe, ka dawo ya ce wata goben, har ka gaji ko ciwon ya tafi da kansa. To ka ga bambancin duk a kan yau yake. In yau ɗinka akwai layi biyar a takarda kana tare da allura, in kuwa babu komai sai niyyar gobe to kai ne bokan kanka.

Kuma bari in faɗa maka abin da ba ka lura da shi ba, ai kai tuni kana rubutu kullum. Wannan littafin da kake shigar da kwando nawa aka sauke daga mota, wa ya ɗauka bashi, wa ya biya rabi, wanda gefensa ya yi laushi da ruwan tumatir kuma biron na maƙale a tsakiyarsa, ka taɓa tsallake rana ba ka buɗe shi ba? Ba ka taɓa ba, domin yana da lokacinsa kuma yana da wurin zamansa. To juya shi ta baya ka ware shafuka, bayan azahar in kasuwa ta ɗan lafa ka rubuta abu ɗaya da ka gani, ko cinikin da kuka yi da wata Bayarabiya da rabin Hausa rabin Yarabanci, ko labarin da direba ya ba ka na hanya tun daga Arewa. Kada ka ce sai dare in ka koma masauki, Legas ba ta barin mutum da sauran ƙarfi da dare, wannan kowa ya sani.

Ta biyu wata Malama ce da ke koyarwa a Islamiyya a Agege, tana tambayar bambancin himma da naci da juriya, wai wanne marubuci ya fi buƙata.

Malama, himma aro ce daga Larabci, ita ce zafin nan da ke tayar da mutum ya ce yau sai na yi, shi ya sa aka ce himma ba ta ga rago. Amma fa ita ta farawa ce, tana hawa tana sauka, kuma yawancin masu fara rubutu su bari ba himma suka rasa ba, yawa ma ta yi musu, mutum ya zauna dare ɗaya ya zuba shafi goma washegari ya kasa ko kallon takardar. Juriya daga jure take, ɗaukar wahala ba tare da an saki ba, kamar ranar da babu wuta waya ba caji ga zafi ga hayaniyar janareton maƙwabta amma dai kika rubuta. Naci kuwa shi ne wanda mutane ke ɗan ƙyama, domin in an ce yaro ya cika naci ba yabo ba ne, amma a wurina shi ne gwarzon cikinsu, shi ne komawa kan abu ɗaya ana sake komawa ko da ba ya daɗi. Rubutu na son naci fiye da sauran biyun, wannan ra'ayina ne kuma a kai na tsaya.

Ke da kike cikin harkar karatu ma ba sai an je da nisa ba. Hadisin Nana A'isha da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya nuna aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne. Sannan dubi tsangaya: Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu sumuni 8, ya kama sumuni 480 ke nan, kuma babu alaramman da ya haddace ko ya rubuta shi a zama ɗaya, allo ne ake rubutawa a biya a wanke a sake rubutawa. Wani abin da nake so ki riƙe kuma, makarantar allo da duk nacinta tana hutun Alhamis da Juma'a. Don haka in kin tsara kwana biyar na rubutu biyu na hutu ba ki karya komai ba, abin gudu shi ne hutun da ba a sa masa ranar dawowa ba.

Ta ukun wani ɗalibi ne daga Idi-Araba, ya ce ana ta ce masa ya mai da rubutu sabo, shi kuma ya san an ce sabo turken wawa, to ba wauta ake tura shi ba?

Tambaya mai kyau wallahi. Da farko mu raba kalmomin don a waya duk iri ɗaya ake buga su. Akwai sabo kishiyar tsoho, wanda muryarka ke zama sama a gaɓoɓin biyu. Akwai sabo na sabawa da abu, shi gaɓar farko ƙasa take ta biyu ta hau. Sai saɓo mai ɓ mai lanƙwasa, wato saɓa wa Allah. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, sai a ƙamus irin na Bargery da ya fito a 1934 za ka ga an sa alamominsa, amma lanƙwasar nan kam hakkinmu ce, ku sa Hausa a madannin wayarku ƙ da ɗ da ɓ duk suna nan.

Sabo na biyun ne a karin maganar. Turke shi ne guntun icen da ake kafawa a ɗaure dabba, ma'anar ita ce wawa na liƙe wa abin da ya saba ko da yana cutarsa ko ya daina amfanarsa, ba igiya ke riƙe da shi ba sabon ne kawai. To ka lura maganar ba ta ce sabo ba shi da ƙarfi ba, shaida ma take yi cewa yana ɗaure mutum tamau, laifin na wanda bai duba inda aka kafa turken ba ne. Kai yanzu haka akwai sabon da ke riƙe da kai, in danfo, wato bas ɗin haya na Legas, ya tsaya cikin gosulo a Oshodi hannunka da kansa ke zaro waya ka hau kallon bidiyo, minti talatin ta wuce ba ka sani ba. Wannan lokacin nake so ka karɓe, ka buɗe wurin rubutu maimakon wancan, ko layi uku ne.

Inda sabon rubutu ke komawa turken wawa shi ne ka shekara kana zuba abu iri ɗaya da kuskure iri ɗaya, ba ka karanta na wasu, ba ka komawa kan naka. Don haka ranar hutunka ka ɗauko na makon ka karanta da ƙarfi kunnenka ya ji, duk jimlar da ba za ka iya faɗa wa kawunka haka a zaure ba ka sake ta.

Akwai wanda ya tambayi asalin kalmar tawada da takarda, wannan sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, don tana son fili nata.