Na duba gida na ce rufinsa lafiya, yanzu silin ya rufto: ina matsayina a doka?

Tambaya: Barista, sana'ata duba gidaje ce kafin a saya. Mai saye yakan ɗauke ni in zagaya gidan, in rubuta masa rahoton abin da na gani. A bara na duba wani gida. A silin ɗin ɗaki ɗaya na ga tabon ruwa, na sa na'urar auna danshi ta nuna a bushe yake, mai gidan kuma ya ce tsohon yoyo ne, an riga an gyara. Ƙofar da ake bi a leƙa cikin rufi, wata babbar durowa ta tare ta, ban matsar da ita ba. A rahoton na rubuta cewa rufin lafiyarsa ƙalau, ban ambaci tabon ba. Da ruwan sama ya yi ƙarfi sai wani sashe na silin ya rufto, aka tarar katakan rufin sun ruɓe. Yanzu lauyan mai sayen ya rubuto mini yana neman kuɗin sabon rufi gaba ɗaya. A yarjejeniyarmu akwai sharaɗin cewa ko na yi kuskure, abin da zan biya ba zai wuce kuɗin aikina ba. Shin sharaɗin nan zai kare ni? Ko in mayar masa da kuɗinsa mu rabu lafiya?

Amsa: Malam, kafin komai, kada ka taɓa rahoton nan. Kada ka ƙara masa ko harafi, kada ka goge hoto ko ɗaya daga cikin waɗanda ka ɗauka ranar, har da waɗanda kake ganin za su ja maka. Fayil yana riƙe da ranar da aka sauya shi, kuma alƙalin da zai iya yi wa kuskure uzuri ba zai yi wa gyaran shaida ba. Kada kuma ka kira mai sayen ka ce ka yarda laifinka ne, ko ka tura masa kuɗi, sai ka sanar da kamfanin inshorarka tukuna. Yawancin inshorar masu irin sana'arka tana aiki ne da ranar da aka kawo ƙorafi, tana kuma gindaya sharaɗin a sanar da kamfani da wuri, kada a amsa laifi ba da yawunsa ba. Mayar da kuɗin nan da kake tunani, in ka yi shi kai tsaye ba takardar sulhu, kana iya rasa kariyar inshora, ƙarar kuma tana nan daram.

Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, a Amurka ma daga jiha zuwa jiha, amma ma'aunin da ake ɗora mai duba gida a kai kusan ɗaya ne a ƙasashen da suka gaji tsarin shari'ar Ingila. Ba a ce ka san gaibu ba. Aikinka duba ne na ido: ba ka fasa bango, ba ka ɗaga tayil, ba ka kwance silin. Ƙa'idojin manyan ƙungiyoyin sana'ar, irin su ASHI da InterNACHI a Amurka, sun fayyace cewa ana duba abin da ake iya gani ne da wurin da ake iya shiga cikin sauƙi, kuma ba dole ba ne mai dubawa ya matsar da kayan ɗaki. Tambayar da kotu za ta yi ita ce: ƙwararren ɗan sana'a mai kula, da ya tsaya inda ka tsaya ranar nan, ya ga abin da ka gani, me zai yi, me zai rubuta? Ruɓewar katako a wurin da ido bai kai ba, ita kaɗai ba ta isa a ce ka yi sakaci ba.

Tabon nan shi ne inda maganar take. Ka gan shi, har ya dame ka, shi ya sa ka ciro na'ura. A ƙarshen shekarun 1980 wata kotun Ingila, a shari'ar Roberts da J. Hampson, ta kafa ƙa'idar da har yau lauyoyi ke kawowa: mai duba gida ba sai ya ɗaga kafet ko ya ja kujera ba, amma in ya ga alamar da ta isa ta sa shi zargi, wajibi ne ya bi sawunta gwargwadon hali, ko da sawun ya bi ta bayan kayan ɗaki. Lauyan mai sayen zai ce tabon alama ce, sawunta kuma ya kai ga ƙofar da durowa ta tare. Kai kuma kana da abin faɗa. Ka auna, ka samu a bushe. Ka tambaya, an ba ka amsa. Durowa mai nauyi ta wani mutum ce, ba kuma kowane mai dubawa ne zai ja ta ba. Waɗannan hujjoji ne na gaske, sai dai na'urar danshi tana faɗin halin da wuri yake ciki a ranar da aka auna ne kawai, kuma duk ɗan sana'a ya san silin da yoyo ya jiƙa yana bushewa in an kwana biyu ba ruwa. Maganar mai gida kuwa, mutum ne da ke son ya sayar.

Ni a ganina, rashin matsar da durowa ba shi ne zai fi yi maka illa ba. Abin da ka rubuta ne. Da rahoton ya ce an ga tabon ruwa a silin ɗin ɗaki kaza, a bushe yake lokacin dubawa, mai gida ya ce an gyara amma ba a ga takardar gyaran ba, ba a iya shiga cikin rufi ba saboda an tare ƙofar, ana ba da shawarar mai aikin rufi ya duba kafin a kammala ciniki, da wuya wannan wasiƙa ta iso gare ka. Layi huɗu ke nan. Sun mayar wa mai saye zaɓinsa: ya nemi a buɗe, ya nemi ragi, ko ya fasa. Kai sai ka ba da hukunci a kan wurin da ba ka shiga ba, ba ka kuma faɗa cewa ba ka shiga ba. Mutumin ya karanta "lafiya ƙalau", ya ɗauka an leƙa.

Sharaɗin taƙaita diyya kuwa, kada ka jingina da shi da dukan nauyinka. Akwai jihohin Amurka da kotunansu ke girmama irinsa in an rubuta shi a fili, an kuma sa hannu kafin a fara aiki. Amma a 2004 kotun ɗaukaka ƙara ta jihar New Jersey, a shari'ar Lucier da Williams, ta yi watsi da irin wannan sharaɗi a yarjejeniyar duba gida. Dalilinta: takarda ce da aka riga aka buga, mai saye bai da damar ciniki a kanta, kuma iyakar da aka sa ta yi ƙanƙantar da ba za ta sa mai dubawa ya yi taka-tsantsan ba. A Ingila ma, a 1989, kotun da ta fi kowace girma a lokacin ta yanke shari'ar Smith da Eric S. Bush. Mai ƙiyasta darajar gidan ya lura an cire ginin da ke tallafe da bututun hayaƙi a ƙasa, bai duba ko abin da ya rage a sama yana da madogara ba. Daga baya tubalan suka rufto ta cikin rufi. Akwai sanarwar rashin ɗaukar alhaki a takardun, kotu ta ce ba ta tsaya ba a ƙarƙashin dokar 1977 da ta hana sharuɗɗan yarjejeniya marasa adalci. Abin lura ma, mai ba da rance ne ya aike shi, amma aka ce yana da alhaki a kan matar da ta sayi gidan, tunda ya san da rahotonsa za ta dogara.

Don haka ka duba taka takardar: yaushe ya sa hannu? In bayan ka gama aiki ne, ko a jikin rasit aka maƙala sharaɗin, ya yi rauni ƙwarai.

Yanzu ga inda kake da ƙarfi, kuma a nan ne nake ganin ya kamata tattaunawa ta tsaya. Ko an same ka da sakaci, ba kai ka ruɓar da katakon ba. Kafin ka zo yana haka. Abin da mai saye ya rasa shi ne damar sayen gidan a farashinsa na gaskiya. Kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta tabbatar da haka a 1991 a shari'ar Watts da Morrow: masu gidan sun kashe kusan fam 34,000 a gyara, amma aka ba su fam 15,000, wato bambancin abin da suka biya da ainihin darajar gidan da aibinsa, sai fam 750 ga kowannensu na wahalar zama cikin gyara. Wasu kotunan, musamman a Amurka, sukan yi lissafi da kuɗin gyara, amma ko a can ana iya ja da neman sabon rufi fil a madadin tsohon da ya riga ya ci rabin rayuwarsa. Akwai kuma tambayar me mai sayen ya yi tun da ya shiga gidan. In ya ga tabon yana faɗaɗa ya ƙyale har silin ya faɗo, doka ba ta ɗora maka ɓarnar da zai iya tarewa bai tare ba.

Kada a manta da wanda ya sayar. In ya san yoyon na nan ya ce an gyara, ko an ajiye durowar nan da gangan, mai saye na iya samun ƙara a kansa ta yaudara, kai ma lauyanka na iya neman a shigo da shi a raba nauyin. Ka rubuta yau abin da ya faɗa maka, da wanda ke wurin lokacin, a takarda daban mai ɗauke da kwanan watan yau.

Batun wa'adin shigar da ƙara ba zai cece ka ba a nan, tunda bara ne. A Ingila shekara shida ne ga ƙarar karya yarjejeniya. Wasu wurare sun fi haka gajarta, wasu yarjejeniyoyin kuma suna rage shi, sai a duba taka.

Hanyoyin da ke gabanka ba su da yawa. Kana iya musanta alhaki gaba ɗaya ka jira ƙara, amma da rahoton da ya yi shiru a kan tabon, ban ba ka wannan shawarar ba. Kana iya yin tayin sulhu, ta hannun inshora ko lauya, a rubuce cewa ba amsa laifi ba ne, a kan adadin da ya dogara da ƙiyasin ƙwararre mai zaman kansa, mai sayen kuma ya sa hannu cewa magana ta ƙare. In yarjejeniyarku ta tanadi mai shiga tsakani ko mai yanke hukunci a wajen kotu, sai a bi ta can. Ya fi sauri, kuma sunanka ba ya shiga kundin kotu. Ni sulhun nake gani ya fi dacewa da halin da kake ciki, domin kuɗin ƙwararrun shaidu biyu da lauyoyi kan iya wuce abin da ake jayayya a kai.

Amma akwai abin da ba ya jira. Lauyanka ya amsa wasiƙar cikin wa'adin da aka ba ka, a gajarce, ya nemi kada a fara gyara ko a zubar da ruɓaɓɓen katakon sai kai da wani injiniya ko mai aikin rufi kun je kun gani, kun ɗauki hoto. In ana buƙatar rufe wurin da tamfol don kada ruwa ya ƙara ɓarna, a yi, wannan ba ya ɓata shaida. Katakon da kansa zai nuna ko ruɓewar ta shekaru ce ko ta 'yan watannin nan, kuma ko da ka ja durowar ka leƙa ta ƙofar nan, za ka hango wurin ko ba za ka hango ba. In ya tabbata ba za a hango shi daga nan ba, rabin ƙarar ta faɗi.