Amsa: ana yi wa jatan lande rigakafin bairos?

Malam, ka tambaya ko allurar rigakafi za ta kare jatan landen kiwo daga cutar farin tabo, wadda bairos ke kawowa. Gaskiya da wuya, domin jikinsu ba ya ƙera garkuwar da ke tuna cuta kamar yadda jikin kifi ke yi. Dogaronsu kan garkuwar da suka zo duniya da ita ne: ƙwayoyin jini, da wasu sinadaran jiki masu datse RNA ɗin bairos, wato saƙonsa na gado, kafin ya hayayyafa.

Shi ya sa zaɓen iri ya fi muhimmanci. Cutar Taura, wata cutar bairos ta jatan lande da ta ɓulla a ƙasar Ekwado a 1992, an ci ƙarfinta da iri mai juriya. Farin tabo kuwa ya fi taurin kai, juriyar jatan lande gare shi ba ta gaduwa sosai, kuma yana iya share tafki cikin kwana 10. Ni dai shawarata, ka sayi 'ya'yan jatan lande da aka gwada ba su da cutar, ka tace ruwanka.