Hukuncin Poka ta Intanet ga Wanda Bai Fara da Kuɗin Aljihunsa Ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni matashi ne a Gusau, ina zaman shagon POS na wani ubangidana. Idan kasuwa ta yi sanyi nakan buga kartar poka a waya. Ban taɓa zuba ko sisi daga aljihuna ba. Gasar kyauta na shiga na ci 'yan daloli, da su nake hawa teburin kuɗi, yanzu abin ya kai kusan naira 400,000. Kamfanin na ƙasar waje ne, masu wasan kuma Turawa ne. Wani ɗalibin ilimi ya ce mini Imamu Abu Hanifa ya halatta cin kuɗin kafirai ta wannan hanya, kuma poka ƙwarewa ce, ba sa'a ba. Ina so in haɗa lefe da kuɗin. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, ba sai na karanto maka ayoyin Ma'ida a kan giya da caca ba. Da ba ka san su ba, da zuciyarka ba ta matsa maka ka rubuto ba. Inda hukuncinka ya rataya shi ne wannan magana taka: "da su nake hawa teburin kuɗi."

Ranar da dalolin nan suka shiga asusunka, ka ga kana iya cire su ka sayi buhun shinkafa, ranar suka zama dukiya a hannunka. Da ka mayar da su tebur, ka jefa dukiya cikin kasada ke nan, ba ruwan shari'a da ko ta aljihun riga ta fito ko ta cikin waya. Kai ma ka fi ni sanin yadda ake yi. Kafin a raba karta mutum biyu za su yi zubin dole, ƙarami da babba, zubin yana zagaya teburin, ba mai zama kyauta. A ba kowa kati biyu a rufe, a buɗe biyar a tsakiya, uku, sannan ɗaya, sannan ɗaya, ana ƙara zubi har zagaye huɗu. Duk wanda ya zauna, ko ya kwashe na mutane ko a kwashe nasa, kuma bai san wanne zai same shi ba. Wannan ita ce caca, babu saɓani a tsakanin mazhabobi huɗu.

Gasar kyautar ma ba tsarkakkiya ba ce. An ruwaito Imamu Malik ya kasa maisir, wato caca a harshen Alƙur'ani, gida biyu, na wasa da na zuba dukiya, Risala kuma ta ce wasan nardi (wanda ake yi da jefa ƙwaya mai lamba) da shaɗaranji (wato chess) ba ya halatta, ba ta sharɗanta sai da kuɗi ba. Karta da nardi ta fi kama, tunda a kan abin da rabo ya ba ka ake gina ta. Kamfanin kuma ba sadaka yake yi ba. Gasar kyauta da garaɓasar zubin farko tsaba ce da ake watsa wa kaza, kai kuma ga shi ka bi ta har cikin akurki.

Maganar ƙwarewa ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Gaskiya ne gwani ya fi sabon shiga ci idan aka jima ana bugawa, amma abin da ya haramta caca shi ne cin dukiyar juna a kan kasada, ba rashin dabara ba. Harbin kibiya da sukuwar doki zallar ƙwarewa ne, suna cikin abubuwa uku da hadisi ya yarda a sa musu kyauta, duk da haka Malik bai yarda kowane ɓangare ya zuba nasa wanda ya ci ya kwashe ba. Ina kuma ga wasan da mai riƙe da as biyu, wato kati biyu masu harafin A, hannun da ya fi kowane ƙarfi, yake faɗuwa kusan sau ɗaya cikin biyar a gaban mai ƙananan kati biyu masu lamba ɗaya?

Abin da ɗalibin nan ya jingina wa Abu Hanifa shi ne ke buƙatar zama, domin ba ƙirƙira ya yi ba, rabin magana ya ɗauko. Abu Hanifa da almajirinsa Muhammad ɗan Hasan suna ganin Musulmin da ya shiga ƙasar yaƙi da aminci zai iya karɓar dukiyar mutanenta da yardarsu, ko da ta hanyar cinikin da ya ɓaci a wurinmu, kamar riba da caca. Babban almajirinsa Abu Yusuf bai bi shi ba, haka Malik da Shafi'i da Ahmad. A wurinsu abin da ya haramta a Madina ya haramta a ko'ina.

Hujjojin ra'ayin uku ne, kuma kowacce da raminta. Hadisin da Makhul ya ruwaito cewa babu riba tsakanin Musulmi da ɗan ƙasar yaƙi mursali ne, ba a ambaci sahabin da ya ji shi ba, Shafi'i ya ce bai tabbata ba. Ba a ture ayar da ta zo da hukunci na gaba ɗaya saboda irin wannan ruwaya. Sai sharaɗin cin dukiya da Sayyidina Abubakar ya ƙulla da Kuraishawa a kan nasarar Rumawa, wanda a cikin ruwayar Tirmizi kanta aka faɗa cewa wannan kafin a haramta irin wannan sharaɗi ne. A Makka aka yi, Ma'ida kuwa a Madina ta sauka. Na uku kokawar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da Rukana a kan tumaki, ruwayar da ta ambaci tumakin kuma ita ce ta ce ya mayar masa da abinsa.

Yanzu mu ɗauka ra'ayin ya inganta, mu gani ko ya shafe ka. Sharaɗinsu na farko, Musulmin ya kasance can cikin ƙasar da jikinsa. Kai kana kan benci a Gusau, kana jin kiran salla. Kwamfutar kamfani ta zauna a Malta ko a wani tsibiri ba ta ɗauke ka daga Zamfara ba. Na biyu, abokin hulɗar ya zama ɗan ƙasar da ke yaƙi da Musulmi. Wa ya gaya maka wanda ka cinye jiya Bature ne? Laƙabi ka gani da 'yar tuta. Zai iya zama Musulmi daga Turkiyya, ko yaron unguwarku da ya ɓoye inda yake, ko ma manhaja ce aka ɗora tana buga wa wani. In ma Baturen ne, ƙasarsa da tamu akwai jakadanci da alƙawari, dukiyarsa tana da alfarma. Na uku, Ibnul Humam, babban malamin Hanafiyya, ya bayyana cewa malamansu sun taƙaita halascin ga inda ƙarin zai faɗa hannun Musulmi. Kai kuwa sau nawa aka kwashe naka a wannan tebur, ka miƙa dukiya ga wanda kake kira kafiri? Ka ga ko a gaban malamin Hanafiyya ka kai wannan tambaya, haramun zai ce maka. Ka faɗa wa ɗalibin nan, cikin ladabi, ya daina rarraba wannan magana a tsakanin samari, don zunubin wanda ya bi ta yana da kaso a ciki.

Kada nasarar 'yan watanni ta ruɗe ka. Kamfani yana yankar kamasho daga abin da aka tara a tsakiya, galibi wajen kashi biyar cikin ɗari. Mu ce ku shida ne, kowa ya zauna da 20,000. Idan tarin kowane hannu, wato kowane rabon karta, ya kai 4,000, an yanki 200. Hannu arba'in kawai a awa ɗaya, 8,000 sun bar teburin, ba za su dawo ba. Shi ya sa akasarin masu bugawa asara suke ƙarewa da ita, har da waɗanda suka iya.

Ta fuskar doka, lasisin wata ƙasa ba ya aiki a nan. A Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara harkar caca hurumin jihohi ne, Zamfara kuwa tun shekarar 2000 take kan shari'ar Musulunci, caca laifi ce a cikinta.

Ga abin da za ka yi da kuɗin. Ka cire su gaba ɗaya yau, kada ka bar wa kamfanin, kada kuma ka ce bari in buga na bankwana. Ka nemi su rufe asusun rufewar da ba ta buɗuwa, akwai wannan zaɓi a yawancin manhajojin, sannan ka goge ta. Tunda ba ka san masu dukiyar ba balle ka mayar musu, ka ba mabukata: 'yan gudun hijira sun cika gari, ga marasa lafiya da aka rubuta wa magani suka kasa saya. Niyyarka ta zama rabuwa da ƙazanta, ba neman ladan sadaka ba, kuma ban so a sa su a ginin masallaci. Tunda ba ka zuba naka ba, babu uwar kuɗin da za ka ware wa kanka. Idan ka taɓa tura wa abokai lambar gayyata, ka janye ta, ka gaya musu abin da ka sani yanzu, ka yi sadaka daga halaliyarka, domin hadisi ya umurci wanda ya ce wa ɗan'uwansa zo mu yi caca da ya yi sadaka. Kamashon da ka samu ta wannan hanya shi ma ya bi sauran.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ba ka tambaya ba. Jarin ubangidanka da kuɗin mutane suna wucewa ta hannunka daga safe zuwa dare, a wayar da kake buga karta da ita. Ɗan caca ba ya fara da sata. Ran da aka cinye shi ne zai ce bari in ara dubu hamsin daga jari, in na rama kafin lissafin yamma in mayar. Ka raba wayar aiki da taka, ka roƙi ubangidanka ya riƙa duba lissafi kullum, ba don an tuhume ka ba.

Lefe kuma, ɗana, in ka yi shi da wannan kuɗi auren ya ɗauru, amma zunubin yana wuyanka, kuma 'yar mutane za ta ɗaura zanen da ba ta san asalinsa ba. Lefe al'ada ce, sadaki ne wajibi, mafi ƙarancinsa a mazhabarmu rubu'in dinari. Ka tura manyanka su gaya wa iyayenta iya ƙarfinka, ka shiga adashi da albashinka, ko da za a ɗaga biki zuwa bayan kaka. Allah ya musanya maka da mafi alheri. Wallahu a'alam.