Me Ya Sa Mital Ɗin Injina Ke Cinyewa?

Tambaya: Malam, sau 2 ke nan ina canza mital (siririn ƙarfen da karanshaf, wato babbar sandar injin, ke juyawa a cikinsa) amma injin sai ya dawo yana ƙwanƙwasa, laifin meye?

Amsa: To ɗan'uwa, kar ka bari a yar da tsohon, shi ne shaidarka. Ka goge shi ka duba, in ka ga zane-zane kamar an ja da ƙusa to datti ne ya bi baƙin mai, in ko ya yi baƙi ya ƙone to mai ne bai isa ba, ko famfon mai ya gaji ko ka daɗe ba ka yi juyen mai ba. In gefe ɗaya kawai ya cinye, kanrod (sandar da ke haɗa fistin da karanshaf) ya lanƙwashe ko an ɗaura ba daidai ba. Ni dai zargina ba a auna karanshaf ba aka ɗora sabon mital.